Itacen da Verlin Messer Ya Kasa Dasawa

Verlin Messer mutum ne mai son kowane abu ya zauna inda aka ajiye shi. Gatari a bayan ƙofa, fartanya a jikin rumbun masara, hula a ƙusa ta uku, ba ta biyu ba. In aka sauya wa cokali wuri, sai ka same shi tsaye a tsakar ɗaki yana sosa ƙeya kamar wanda mota ta sauke a baƙon gari. Mu mutanen Kwarin Tilley mun san shi da wannan hali tun yana saurayi, kuma ba wauta ba ce. Kansa ne ba ya ɗaukar abu biyu lokaci guda, amma in ya ɗauki ɗaya, to ya ɗauka ke nan.

Haka yake kallon daji ma. A wajensa kowane itace da unguwarsa: wannan na bakin rafi ne, wancan na gangaren da rana ke duka, wancan kuma sai kwari mai inuwa. Wanda ya fi sani shi ne baƙin gam, don da shi yake ci. In baƙin gam ya tsufa cikinsa yakan ruɓe ya bar kogo, jikinsa na waje kuwa yana nan garau. Verlin yakan hau tsauni yana ƙwanƙwasa su da ƙeyar gatari yana saurare. Wanda ya amsa masa kamar ganga sai ya kayar, ya yanka shi guntu-guntu, ya ƙona cikin ya kankare, ya gitta sanduna biyu, ya rufe da katako ya ɗora dutse. Amya ta samu ke nan. Rabin ƙudan zuman kwarin nan a cikin aikin hannunsa suke zaune. Masu faskare zagin itacen suke yi, don naman jikinsa a murɗe yake kamar igiya, gatari ba ya tsaga shi. Verlin kuwa wannan taurin kan ne ya sa yake ganin girmansa. Kuma duk inda ya taɓa samunsa a bisa tudu ne, cikin tsakuwa, inda ƙasa ke bushewa kwana biyu bayan ruwa. Don haka magana ta ƙare a wajensa: baƙin gam itacen tudu ne.

Sai ga Ozella. Ubanta mai wasa zarto ne, masu yankan katako suka kawo shi daga can ƙasan bakin teku a shekarar 1914, shi da iyalinsa. Wata rana Verlin na saukowa da alfadarinsa yana jan gungume, ya tarar da wata siririyar yarinya ta yi ɗage tana karya reshe, tana tauna bakinsa don yin asuwaki.

"Kai ɗan tudu," in ji ta, ko gaisuwa babu, "me tupelo yake yi a nan bisa dutse? Ɓata ya yi?"

"Wannan baƙin gam ne," in ji Verlin.

"Ku dai kuka sa masa. A garinmu cikin ruwa yake tsayawa, ruwa har gwiwarsa, gindinsa a kumbure kamar tulu. Da kwalekwale muke zuwa karyo asuwakinsa."

Verlin ya dubi itacen, ya dubi tsakuwar da ke ƙarƙashinsa, ya dubi yarinyar. "Ba shi ba ne. Wannan ba ya shan ruwa sai na sama."

"To ni a inuwarsa aka yaye ni, kai kuwa ko tabki ba ka taɓa gani ba. Alfadarinka ma ya fi ka alamar yarda."

Ya tafi gida bai iya cin abinci ba. Washegari ya dawo da hujja, ta rusa ta, jibi ya sake dawowa da wata. Kafin a gama musun an ɗaura aure. Masu katako suka cinye dajin da za su ci suka tafi, ubanta ya koma bakin teku, ita ta zauna. Ozella zuma ce, ga zaƙi ga harbi, kuma shekara talatin da bakwai ba ta bar maganar itacen nan ta huce ba. Kowace Satumba, sa'ad da daji ke kore shar, baƙin gam ne ke riga kowa yin ja. Sai ta tsaya a baranda ta nuna shi da baki ta ce, "Ga ɗan garinmu can ya riga kowa yin kwalliya." Shi kuma ya ce, "Ɗan garinku yana can cikin laka da kwaɗi." Yayarsa Hessie, wadda gidanta ke ƙetaren rafi, takan ce da za a juye yawun musun nan a gona, da masararsu ta fi ta kowa tsawo.

A bazarar 1951 ciwo ya kwantar da Ozella. Wata ranar da la'asar ta ce ya ja kujera kusa da gado.

"Verlin, furen takardar nan da ake sa wa kaburbura ba na so, ruwa ɗaya ke wanke shi. Ka dasa mini tupelo a wajen kaina."

"Baƙin gam," in ji shi, kafin ya kama bakinsa.

"Ji shi. Ina mutuwa yana musu." Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ta sami numfashi ta ce, "Ranar da aka kawo ni kwarin nan ban san kowa ba, ko ciyawa ɗaya ban gane ba. Dutse ta ko'ina, kamar an kifa mini tukunya. Kwana uku ina kuka. Sai na gan shi tsaye, na karya na tauna, na ji ɗanɗanon gida. Shi ya fara riƙe ni a nan, kai daga baya ka zo."

Verlin kuwa, duk tsawon shekarun nan ya ɗauka tsokana ce kawai take yi, ashe kewar gida ce take faɗa masa da baki ɗaya tilo da ta iya. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ya rasa inda zai sa shi. Ya kama hannunta ya ce ya yi alkawari. Bayan kwana tara aka haura da ita maƙabartar da ke bayan coci, a tsakiyar gangare, inda ƙasa ja ce mai danƙo, ba tudu ba kuma ba fadama ba.

Da kaka ta yi ya ɗauki shebur ya hau tsauni, ya zaɓi matashin itace mai tsawonsa, miƙaƙƙe. Yana haƙa ya tarar da wata saiwa guda ta nutsa ƙasa tsaye kamar turke, ya bi ta har kafaɗarsa bai ga ƙarshenta ba. Sai ya yi mata abin da ake yi wa itacen tuffa, ya datse ta da gatari, ya kai ya dasa a wajen kan Ozella. Da bazara itacen ya yi toho, Verlin ya riƙa yawo yana gaya wa mutane. Kafin ƙarshen Yuli ganyen ya bushe ƙayau. Bai tumɓuke shi ba, don a ganinsa ba a sani ba ko barci yake yi. Haka busasshiyar sandar ta tsaya, ta zama wurin hutun tsuntsayen nan masu jan ƙirji, waɗanda ke taruwa da kaka. Su sauka a kanta, su ɓata dutsen kabarin da kashi mai launin shuni. Verlin yakan zo da sabulu da yashi ya goge, yana ɗaga musu hula yana kiransu marasa tarbiyya.

A nan ne kansa ya fara ɗaurewa. Itacen da ke rayuwa a tsagin dutse, inda ko akuya ba ta samun abin lasa, ya ƙi zama a ƙasa mai kyau da aka zuba masa taki. Ya kwana ya tashi da abin, daga ƙarshe ya ce ko dai matar nan gaskiya ta faɗa, ruwa yake so. Shekara ta biyu ya dasa wani, ya yi masa gurbi kamar kwano, ya riƙa ɗora wa alfadari ganga biyu safe da yamma yana tuttulawa. Hessie ta same shi a kai.

"Verlin, nan maƙabarta ce ko wurin wankan agwagi? Ruwan nan naka kan kabarin Baba yake gangarawa."

"Ita ta ce cikin ruwa yake tsayawa, Yaya."

"Shekara talatin da bakwai kana ce mata ba haka ba ne. Sai da ta mutu za ka gaskata ta, a kan ƙafafun ubanmu?"

"To in ba ruwa ba, mene ne?"

"Ni ka tambaya? Ni wake nake shukawa, kuma yana fitowa."

Wannan ma ya mutu, har ya fi na farko saurin bushewa.

Hessie ba don mugunta take tsare gida a maƙabartar ba. Ita ce uwar shara, tun rasuwar uwarsu. Ranar Asabar kafin Lahadi ta biyu cikin watan Yuni kowa yakan fito da fartanya da tsintsiya, a kankare maƙabarta tas sai jar ƙasa, a tayar da tudun kowane kabari, washegari a jera furanni, a yi waƙa, a baje soyayyar kaza da wake da burodin masara a kan katakai a ci. Kabarin da ciyawa ta fito a kansa na marar dangi ne, wannan ko yaron goye ya sani. Kuma a duk masu sharar babu kamar Verlin. In wasu sun gama da fartanya sun koma inuwa, shi sai ya durƙusa a kan na Ozella yana bi da yatsa. Wasu 'yan tsire-tsire masu ganye bibbiyu sun fi yawa a gindin sandarsa fiye da ko'ina, ya ɗauka takin da ya zuba ne ya jawo su, ya riƙa tsince su ɗaya bayan ɗaya da farce. Mata sukan nuna wa mazansu shi su ce, ka ga yadda ake riƙe amana.

A shekara ta uku ya yi abin da ya ba kowa mamaki. Mutumin da bai taɓa wuce Asheville ba ya sa rigar zuwa coci, ya ɗauki bokiti, ya shiga motar haya zuwa garin su Ozella. Kwana biyu yana tafiya, duwatsu suna raguwa har suka ƙare, ƙasa ta shimfiɗe kamar faifai, shi kuwa ya rasa inda zai jingina idonsa. Danginta sun watse, amma ya sami wani tsoho mai kwalekwale da ya tuna da ubanta, ya tura shi cikin fadama. Ruwa baƙi kamar shayin da aka manta a wuta, ga itatuwa tsaye a ciki, gindinsu a kumbure kamar tulu, yadda ta faɗa ba ragi ba ƙari. Verlin ya miƙa hannu ya tsinki ganye. Ya ɗan fi na gida sirantaka, amma shi ne. Ya shafa ɓawon, ya karya reshe ya tauna, ɗanɗanon asuwakin Ozella ya cika masa baki.

"Lafiya, baƙo?" in ji tsohon, da ya ga ya daɗe bai motsa ba.

"Shi ne," in ji Verlin, "kuma ba shi ba ne."

"To, Allah ya sawwaƙe. Ka riƙe gefe dai, kar ka kifar da mu."

Ya dawo da ƙaramin dashe a bokiti da lakarsa, yana rungume da shi kamar jariri har direba na yi masa ba'a. Ya dasa, ya lulluɓe shi da buhu don sanyi. Da bazara ta zo kowane itace ya farka, ban da shi.

Wani malamin daji yakan zo kwarin jefi-jefi duba itatuwan gwamnati, saurayi mai tabarau da taswira a aljihu. Verlin ya tare shi a bakin kanti ya zayyana masa komai.

"Baba, ai itacen nan ba na nan kaɗai ba ne," in ji malamin, ya buɗe taswira a kan motarsa yana jan yatsa. "Tun daga Maine can arewa, har Florida, har gabashin Texas, duk akwai shi. A wani wuri a bakin fadama, a wani wuri a kan dutse. Ya fi son ƙasa mai laima, amma in bai samu ba yakan yi haƙuri da abin da ya tarar."

"Na cikin ruwan fa, shi ne ko ba shi ba?"

"Malamanmu ma ba su daidaita ba. Wasu sun ce ɗaya ne, wasu sun ce 'yan wa da ƙani ne."

"To tsakanin ni da matata wa ke da gaskiya?"

"Ku duka, in ka tambaye ni."

"Ba a yin haka," in ji Verlin. "Yaro, ka yi karatun nan kuwa har ƙarshe?"

Malamin ya yi dariya ya naɗe taswirarsa. "Abin da na sani, ba ya son dashe. In ka taɓa doguwar saiwar nan ka gama da shi. Gwada iri mana."

Ya gwada. Ya tara 'ya'yan itacen da kaka, 'yan baƙaƙe masu tsami, ya shanya su, ya adana a gwangwani kusa da murhu don kada sanyi ya taɓa su, ya shuka a tukunya cikin Afrilu. Ko ɗaya bai fito ba. Daga nan ya koma dashe, yana zaɓar ƙanana, yana haƙa rami har ya ɓace a ciki. Na shekara ta biyar ya kai Agusta kafin ya sunkuyar da kai. Na shida ko toho bai yi ba. Mutane suka riƙa kwatance da wurin, a ce kabarin wane yana hagu da sandar Verlin. Shi kuwa ya rame, ya rage magana. Ka gan shi zaune a baranda yana kallon tsauni yana motsa baki, yana lissafin ƙasa da ruwa da inuwa, lissafin ba ya fita. Abin da ya fi damunsa bai wuce wannan ba: itacen ya yarda da Maine, ya yarda da Texas, ya yarda da laka da dutse, amma taku ɗaya na ƙasar da Ozella ta roƙa ya ƙi.

A watan Mayun 1958 gungume ya kuɓuce masa a gangare ya karya masa ƙafa. Aka kwantar da shi a gidan Hessie. 'Yarsa Nelda, wadda ke aure can nesa a birnin Dayton, ta zo da mijinta a mota, ta dubi ƙafar, ta dubi tsohuwar da ke jinyarsa da hakiya a ido biyu.

"Baba, zaman nan ya ƙare. Farkon Oktoba za mu zo mu ɗauke ka, na riga na gyara maka ɗaki."

"Ban gama aikin uwarki ba."

"Shekara bakwai, Baba. Mama ba ta ce ka kashe kanka ba. Zan sa a sassaƙa mata hoton ganye a jikin dutsen, shi ba ya bushewa."

"Hoto ta ce?"

"Gwaggo, ki sa baki mana."

"Ni ba ruwana," in ji Hessie. "Na sa baki tun kafin a haife ki, bai shiga ba."

Ranar shara ta zo yana kwance, karo na farko a rayuwarsa da aka yi babu shi. Ya yi ta jin ƙarar fartanyu daga nesa yana juyi a gado. Da Hessie ta dawo ya tsare ta da tambaya ko an yi wa Ozella yadda ya kamata. Ta ce ta yi iya inda fartanya ta kai, amma gwiwarta ba ta lanƙwasuwa, idonta ba ya gani, gindin sandarsa ta bar masa kayansa. Ya ji kunya har ya juya fuska bango.

Sai tsakiyar Satumba ya iya taka ƙafar. Ya sayar da alfadari, ya raba wa maƙwabta amyoyinsa, saura mako biyu a zo ɗaukarsa. Wata safiya ya ce zai haura ya yi wa Ozella sallama, ya gaya mata ya kasa. Hessie ta ɗauki sandarta ta bi shi, wai kada ya faɗi babu mai kai labari. Suka haura a hankali, gurgu gaba makauniya baya, suna hutawa a kowane kwana.

Ya tsaya a wajen kan kabarin ya cire hula. Ya buɗe baki ke nan, sai idonsa ya faɗa gindin busasshiyar sandar. Cikin 'yar ciyawar da Hessie ta bari akwai wani abu ja. Ya ɗauka guntun furen takarda ne, ya sa sanda zai ture, sai ya ga a tsaye yake. Tsawonsa bai wuce yatsa ba, ganye huɗu, jajaye masu sheƙi, alhali duk abin da ke kewaye da shi kore ne. Ya zube a ƙasa da ƙafar tasa mai ciwo, ya tsinki gefen ganye ɗaya ya sa a harshe.

"Yaya, ke kika dasa wannan?"

"Me zan dasa, ni da ban ga ƙafata ba? Mene ne?"

"Shi ne. Ɗan garinsu."

"Kai dai ƙafar ce ta karye, ko har da kan?"

Verlin ya rasa ta ina abin ya ɓullo. Shi bai shuka ba, ita ba ta shuka ba, bana ko ruwa ba wanda ya zuba. Yana cikin wannan sai tsuntsu mai jan ƙirji ya sauka a kan sandar, ya dube su a karkace, ya yi abin da ya saba a jikin dutsen, ya tashi ya nufi wani tsohon baƙin gam da ke can saman gangare, inda 'yan'uwansa ke cin 'ya'yan itacen. Verlin ya bi tabon shunin da kallo har ƙasa. A gindin dutsen ga 'yan ƙwallaye masu zane-zane a warwatse, irin waɗanda ya ɓoye a gwangwani don tsoron sanyi. Waɗannan a waje suke kwana, ƙanƙara ta rufe su, su fito da bazara. Sai ya dubi yatsunsa. Ya tuna 'yan tsire-tsiren nan masu ganye bibbiyu, goma, ashirin, kowane Yuni, da yadda yake bin su da farce har sai jar ƙasa ta fito fes.

Shekara hamsin yana neman itacen nan da kai a sama, yana neman tsoho mai kogo. Ya san shi da furfura, bai taɓa saninsa yana jariri ba. Rashin sani ne ya sa kaza ta kwana a kan dami.

Da ƙyar ya iya yi wa Hessie bayani, yana yi yana sarƙewa. Ta jingina da sandarta ta ce, "Wato shekara shida matar nan tana aiko maka da saƙo, kana kankarewa."

Verlin ya yi kuka a wurin, irin wanda bai yi ba ranar jana'iza. Hessie ta bar shi ya yi mai isarsa. Da ya share fuska da hula, wani tsoron ya taso masa, don Yuni mai zuwa yana Dayton.

"Yaya, ki bar mini shi."

"Tun zamanin kakanmu ba a taɓa barin kore a kan kabarin Messer ba. Cewa za a yi Ozella ba ta da kowa."

"Su faɗa."

"Su faɗa, kana can birni kana shan iska, ni ke nan da kunnuwa." Ta laluba da bakin sandarta, ya yi maza ya kare tsiron da tafin hannu. Ta ji hannun, ta janye. "Ka gani ko? Ni da kaina zan fara sare shi ban sani ba. In kana so ya rayu, ka sa masa abin da fartanya za ta ji."

Akwai tsohuwar amya guda da ta rage a bayan gidansa, wadda ƙudan suka gudu suka bari. Ya yini yana yanka ta da zarto a zaune, ya fitar da zobe mai tsawon taƙi ɗaya, ya mirgina shi har maƙabarta da ƙafa ɗaya da sanda. Ya kifa shi a kan tsiron ya danna cikin ƙasa. Busasshiyar sandar kuwa ya bar wa tsuntsaye, har ya ƙara mata dutse a gindi don kada iska ta kayar.

Ranar tafiya, a mota, Nelda ta ce, "To yanzu Baba, na tudu ne ko na ruwa?"

"Ban sani ba," in ji shi. "Da na ɗauka na sani."

Da Yuni ya kewayo Nelda ta kawo shi shara. Kwana biyu a hanya yana tambayarta ko an yi sanyi da yawa a gida bana, ko zomo yana iya tsallake taƙi ɗaya. Suna isa ya wuce kowa bai gaisa ba. An riga an kankare maƙabartar rabi, ja fes, ga zoben katako a wurinsa, ga kan tsiron ya leƙo bisa bakinsa da sabon ganye. Sawun fartanya ya zo daf da zoben ta kowane gefe, ya kewaye. Verlin ya tsaya yana kallo, hannunsa na neman abin yi, ya miƙa zai ɗauki fartanyar da ke jingine a kabarin kusa. Hessie ta ji motsin ƙarfen ta fizge.

"A'a. Kai ba a ba ka fartanya a nan. Nemi wuri ka zauna kusa da matarka."

Ya zauna. Bai ga itacen ya wuce gwiwarsa ba, don a hunturu na biyu ya rasu, aka dawo da shi daga Dayton aka kwantar da shi a gefenta. Yau itacen ya fi rufin cocin tsawo, kuma kowace Satumba yakan zubar da jan ganye a kan ƙasar da muka sha wahalar sharewa, mata su yi ta mita suna ambaton Verlin. Jikokin Nelda in sun zo tupelo suke ce masa, mu kuwa baƙin gam. Zoben ya daɗe da ruɓewa, amma fartanya har yau kewaye wurin take yi.